Ranar da Malam Ubale Ya Zama Sa

Malam Ubale dillalin shanu ne, mazaunin Sule Tankarkar, kuma tun yana saurayi bai taɓa bari Alhamis ta wuce bai taka karar shanu ta Maigatari ba. Ana ruwa ko ana rana, yana can da sandarsa yana zagaya shanu, ya danna ƙugun wannan, ya ɗaga leɓen wancan ya duba haƙora. Wanda ya raba shi da kasuwar nan ya raba kifi da ruwa.

A daminar bana ne jiki ya fara yi masa gardama. Da fari haki ne. In ya yi 'yar tafiya daga bakin kara zuwa rumfarsu, sai ya tsaya ya dogara da sanda kamar yana nazarin wata saniya, alhali numfashi yake nema. Daga baya ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ya ce wa matarsa Tayyiba ai takalmin ne ya sha ruwa ya tsuke.

"To," in ji Tayyiba. "Shi kuma ƙirjin naka wane ruwa ya sha? Malam, ka je a duba maka zuciya."

"Zuciyata lafiyarta ƙalau."

"Kai ka ganta?"

Ya ɗauki buta ya fita, don a wurinsa magana ta ƙare. A wurin Tayyiba kuwa yanzu ta fara. Ita ce mai wainar unguwa, kuma duk wani ɗan acaɓa na garin a ƙofar gidanta yake karya kumallo. Sai ta aika musu da saƙo guda: duk wanda ya ɗauki Malam zuwa Maigatari kafin a duba shi, to ya nemi wata mai wainar.

Ranar Alhamis Malam Ubale ya yi wanka, ya saka babbar riga, ya fita bakin titi. Ɗan acaɓa na farko ya ce tayarsa ta yi faci. Na biyu ya ce mai ya ƙare masa, alhali injin yana ta ruri a ƙarƙashinsa. Wani kuma ya wuce shi yana kallon sama kamar mai neman jinjirin wata. Haka ya tsaya har rana ta take, motocin shanu suna wuce shi suna bar masa wari. Ya koma gida ya zauna a zaure, abincin rana ma bai taɓa ba.

Da yamma Tayyiba ta zo ta zauna daga gefe, ta sassauta murya. Ta ce ba sai an je Kano ba. An kawo wata na'ura ƙaramin asibitin da ke wajen Gagarawa, mai ɗaukar hoton zuciya, kuma Abdurra'uf ne aka koya wa aiki da ita.

Malam Ubale ya ɗago kai a firgice. Abdurra'uf mijin Hannatu ne, Hannatu kuwa 'yar farinsa ce, wadda ko sunanta bai taɓa kamawa da bakinsa ba. Kakannin Malam Ubale makiyaya ne, kuma ko da shanun gidan sun ƙare, kunyar gidan tana nan ba ta ragu ba. Tun da aka ɗaura auren nan, shi da surukinsa ba su taɓa haɗa ido ba, ba su taɓa cin abinci a inuwa ɗaya ba. In Abdurra'uf ya hango shi, tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa, shi kuma ya amsa gaisuwa yana kallon katanga. In zai ambace shi sai ya ce "mutumin Gagarawa".

"Ki rufa mini asiri," ya ce. "Suruki ya duba ni?"

"Ba shi ne mai dubawa ba. An ce na'urar tana da basirarta, da kanta take gane komai."

Wannan maganar ta kwantar masa da hankali. Ya ɗauka zai shiga ɗaki ne ya tsaya a gaban na'ura, ta kalle shi kamar yadda shi yake kallon sa a kara, ta faɗi abin da ta gani, ya fito.

Gaskiyar lamarin ta ɗan sha bamban da haka. Na'urar kashi biyu ce. Akwai wani abu kamar ƙaramar tocila da ake ɗorawa a ƙirji, yana aika sauti siriri wanda kunne ba ya ji, sautin ya bugi zuciya ya dawo, ya zama hoto. Sai kuma allo mai kama da babbar waya, inda hoton yake fitowa. A da, sai ƙwararre ne yake sanin inda zai ɗora tocilar. Yanzu an saka wa allon abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda aka nuna wa hotunan zukata masu yawan gaske har ta san mai kyau da marar kyau. Ita take cewa a matsa nan, a juya can, in hoto ya yi ta adana, ta auna ƙarfin bugawar, a tura wa likita. Amma duk basirarta ba ta da hannu. Dole wani ya riƙe mata tocilar.

Ranar Litinin suka isa asibitin, shi da Tayyiba, a kan babura biyu, don zuwa Gagarawa ba a hana kowa ɗaukarsa ba. A barandar asibitin akwai benci cike da dattawa masu jiran layi, amma da aka ga baban matar malamin asibiti ne sai aka ce ya fara shiga. Tayyiba, da yake ita ma suruka ce, ta zagaya baya ta tsaya a jikin taga.

Abdurra'uf yana jin sallamarsa ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Baba, barkanku da zuwa. Kun zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau," in ji Malam Ubale, yana duban wani hoton sauro da aka manna a bango. "Ina na'urar?"

Abdurra'uf ya miƙa hannu daga durƙushe ya taɓa allon. Sai murya ta fito, muryar mace, a natse: "A kwantar da majiyyaci ta gefen hagu. A buɗe ƙirji."

Malam Ubale ya ja da baya. "Mace ce?"

"Murya ce kawai, Baba."

"Sannu da aiki, Hajiya," ya ce wa allon. "Mun same ku lafiya?"

"A kwantar da majiyyaci ta gefen hagu. A buɗe ƙirji."

Malam Ubale ya jinjina kai. A ransa ya ce wannan ba a gidan mutunci ta tashi ba. Sai kuma maganar tata ta iso masa sosai. A buɗe ƙirji. A gaban wa?

Abdurra'uf yana kallon siminti, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Can dai ya samo dabara, ya juya wajen allon ya ce, "Hajiya tana nufin, in ba damuwa, a ɗan rage tufafi."

Malam Ubale ya ga hanya ta samu, shi ma ya fuskanci allon. "A gaya wa Hajiya, ta duba ta saman riga. Ni ma ba na feɗe sa kafin in san ƙibarsa."

Aka gwada. Ya kwanta da babbar riga da 'yar ciki da singileti, aka ɗora tocilar a kan aikin wuyan riga.

"Ba a ga komai ba," in ji Hajiya.

Babu yadda Malam Ubale ya iya. Ya juya baya, ya cire rigunan ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɓare albasa, ya kwanta ya runtse ido. Abdurra'uf ya matso a durƙushe, ya juya fuskarsa ga bango, ya miƙo hannu ta baya da tocilar, wadda ya shafa wa wani mai mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Man nan yana taɓa fata Malam Ubale ya zabura, don sanyinsa kamar ruwan randa da asuba, amma ya cije.

"Ba a ga zuciya ba," in ji Hajiya.

Daga taga aka ji muryar Tayyiba: "Shekara da shekaru ina faɗa."

"A matsa sama," in ji Hajiya.

Hannun ya matsa sama, ya zarce, ya faɗa hammata. Malam Ubale mutum ne da ba ya jure cakulkuli ko kaɗan, sirrin da ya ɓoye tun yana yaro. Dariya ta taso masa, ya danne ta, don dariya a gaban suruki tsirara ce ta biyu. Ta nemi hanyar fita ta hanci, ta fito da wata irin ƙara kamar ta tinkiya mai mura. Abdurra'uf ya firgita, hannun ya gangaro can ƙasa.

"Wannan hanta ce," in ji Hajiya.

"To a duba ta mana, tunda an zo," in ji Tayyiba.

Malam Ubale ya tashi zaune yana haki. "A gaya wa Hajiya, a ba ni abin in riƙe da kaina. Ƙirjina ne, na fi kowa sanin hanyarsa."

Aka ajiye masa tocilar a bakin gado, ya ɗauka. Hajiya ta ce a matsa hagu, ya matsa. Ta ce a koma dama kaɗan, ya koma. Ta ce a karkata zuwa kafaɗa, ya karkata har da wuyansa. Wani abu ya gilma a allon kamar inuwar kifi a rijiya, ya ɓace.

"Hoton bai isa ba."

"Haba Hajiya, ai kin ganta ta wuce. Ki karɓa haka."

"Hoton bai isa ba."

"Ki duba girmana. Daga Sule Tankarkar na taso."

"Hoton bai isa ba."

"Kai!" Ya ajiye tocilar. "Na yi ciniki da Buzaye, na yi da mutanen Damagaram, na yi da mahautan Kudu. Ban taɓa gamuwa da mai taurin kai irin matar nan ba."

Ya koma ya kwanta, don maganar ma ta cinye masa numfashi. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka, yana jin wani nauyi kamar an ɗora masa buhun gero. Yana nan kwance ya hango Alhamis mai zuwa: shi a zaure, motoci suna wucewa. Ya hango ta bayanta ma. Ya san halin Tayyiba, in ta kafe ko raƙumi ba ya ja da ita. Ya kuma san, ko da bai faɗa wa kowa ba, cewa ba takalmi ne ya tsuke ba. Ya ɗan buɗe ido ta gefe, ya ga surukinsa a durƙushe yana fuskantar bango. Yaron ya iya aikinsa, kowa ya shaida. Abin da ya hana shi aikin yana kwance a kan gado.

Sai tunanin kara ya zo masa. In aka kawo sa mai tsoro za a yi masa allura, ba a tsayawa lallashinsa. Buhu ake samu a rufe masa fuska. Da ya daina ganin mutane sai ya tsaya cak, su ma mutanen su daina shakkarsa.

Ya miƙa hannu ya jawo babbar rigarsa, ya lulluɓe kansa da ita tun daga wuya har ƙeya, ya naɗe sosai. Daga cikin rigar muryarsa ta fito a dakushe.

"Hajiya, ki gaya wa malamin asibiti, surukinsa ya tafi gida. Wani tsohon sa ne aka kawo daga kara, yana haki. A duba shi yadda ake duba sa."

Abdurra'uf ya juyo a hankali. A kan gado babu fuska, babu gemu, babu idon da za a kauce wa. Ƙirji ne kawai, irin wanda yake gani kullum, da ƙunshin shadda a samansa. Ya miƙe tsaye, karo na farko a gaban mutumin nan. Ya ƙara mai a kan tocilar, ya kama kafaɗar ya juya ta yadda yake so.

"Matso nan," ya ce, muryarsa ta koma ta wurin aiki. "Ɗaga hannun nan sama. Haka. Kar ka motsa."

San ya yi yadda aka ce. Tocilar ta sauka tsakanin haƙarƙari, daidai wurin, ba lalube.

"A karkata kaɗan," in ji Hajiya. "An kusa."

"Fitar da numfashi, ka riƙe."

"Sa ba ya riƙe numfashi," in ji ƙunshin shadda.

"Wannan zai riƙe."

Ya riƙe. Amma man ya gangaro ta gefen haƙarƙari, cakulkuli ya dawo, san ya fara mutsu-mutsu yana harba ƙafa. Abdurra'uf, wanda idonsa yake kan allo, hankalinsa duk yana kan hoton da ke shirin fitowa, bai san lokacin da ya ɗaga hannu ya ɗaka wa cinyar duka ba.

"Kai! Tsaya mana!"

Ƙarar ta cika ɗakin, har baranda an ji ta. Abdurra'uf ya daskare, ya dubi tafin hannunsa kamar na wani ne aka ba shi aro. Ya doki baban Hannatu. Gwiwoyinsa suka fara neman ƙasa da kansu. A taga, Tayyiba ta toshe baki da mayafi.

A cikin rigar, Malam Ubale ya yi tunani. In ya yi magana a matsayin suruki, aiki ya lalace, kuma yaron nan ba zai ƙara iya shiga Sule Tankarkar ba har abada. Shi ne ya ce a duba shi kamar sa, kuma shi kansa ya doki cinyar shanu fiye da yadda zai iya tunawa, babu wanda ya riƙe shi a zuci. Ya ja numfashi iyakar abin da ƙirjin ya ba shi dama.

"Mmmuuu," in ji ƙunshin shadda, a hankali, cikin dattako.

Tayyiba ta sulale daga taga, aka ji ta a ƙasa tana salati tana dariya. Abdurra'uf ya share ido da gefen hannu, ya gyara riƙon tocilar.

"Hoto ya yi kyau," in ji Hajiya. "A tsaya haka."

Sai wani sauti ya fito daga allon, fuu-tuf, fuu-tuf, kamar zugazugin maƙera. Malam Ubale ya lalubo wuyan rigar, ya leƙo da ido ɗaya. A allon ya ga wani abu mai ɗakuna yana matsewa yana saki, da wasu 'yan ƙofofi suna buɗewa suna rufewa kamar bakin ɗan maraƙi a kan nono. Tun ranar da aka haife shi take wannan aikin, bai taɓa ce mata sannu ba. Ya lura tana matsewar ne da ƙyar, irin tafiyar san noma da yamma. Ya mayar da idonsa ciki.

Aka ɗauki hoto ta nan, aka ɗauka ta can, Hajiya tana cewa ya yi. Da aka gama, Abdurra'uf ya goge man da tsumma mai tsabta, ya tura hotunan Gumel wurin Likita Zakiyya, wadda take duba irin waɗannan hotuna daga ƙananan asibitoci. Sa'an nan ya fuskanci allon ya ce, "Hajiya, a gaya wa masu sa, an gama. Za a iya kora shi."

Ya juya ga bango. San ya tashi, ya saka singileti da 'yar ciki da babbar riga, ya gyara hula, ya yi gyaran murya. Abdurra'uf ya zube ƙasa.

"Baba, barkanku da zuwa. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Malam Ubale, yana duban hoton sauro.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Likita Zakiyya ce, aka buɗe muryar yadda har taga za a ji. Ta gaishe shi da ladabi, abin da ya sa nan take ya fifita ta a kan Hajiya. Ta ce ta duba hotunan da idonta, kuma abin da na'urar ta auna daidai ne: zuciyar ta yi rauni, ba ta tura jini da ƙarfin da ya kamata, shi ya sa ruwa yake taruwa a ƙafa da ƙirji. Ta ce an gano da sauran dama. Za a fara ba shi magani yau, ya rage gishiri da kanwa, kuma ya zo Gumel cikin makon nan ta gan shi ido da ido.

Malam Ubale ya saurara har ta gama. Sa'an nan ya tambayi abin da ya kawo shi.

"Likita, Alhamis fa?"

"Me ake yi ranar Alhamis, Baba?"

"Maigatari."

Likita ta ce, "In kumburin ya sauka, kuna shan magani a kan lokaci, ku je. Amma a zaune. A samo muku benci a inuwa, a riƙa kawo muku shanun gabanku. Ba bin sa da gudu, ba jan igiya."

Ya juya wajen taga. "An ji?"

"An ji," in ji Tayyiba. "An kuma ji maganar gishiri."

Ya karɓi ƙullin maganinsa, ya yi wa bango sallama, bango ya amsa daga durƙushe. Yana buɗe ƙofa ya tsaya turus.

Ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sosai, kuma dattawan da ke kan benci sun ga abin da suka gani ta tsagar, sun ji abin da suka ji. Ba wanda ya taɓa shiga wurin na'urar a cikinsu, saboda haka suka ɗauka ƙa'idarta ke nan. Ga su nan a jere, kowa ya naɗe kansa da babbar riga, sun yi tsit suna jiran layi. Na ƙarshen benci, wani siririn tsoho da hularsa a kan gwiwa, yana ta gwada murya ƙasa-ƙasa.

"Mmuu. Mmuuu."

Na kusa da ƙofa ya ji motsi, ya ɗago ƙunshin kansa. "Malam, don Allah, kukan nan kafin duka ake yi ko bayan duka?"

Malam Ubale ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga bayanin ya fi kukan tsada.

"Bayan duka," ya ce. "Kuma kar a cika ƙara, ba ta son hayaniya."

Ya sauka daga baranda a hankali, yana dogara sanda. Tayyiba ta zagayo daga bayan ɗaki tana goge hawaye da bakin mayafi.

"Ki aika wa yaran nan 'yan acaɓa," ya ce mata. "Wanda zai kai ni Gumel ya zo jibi. Wanda zai kai ni Maigatari kuma ya nemi igiya mai ƙwari, akwai bencin da za a ɗaura a baya."